Takin gargajiya da aikin tsabtace ƙasar Ogoni

Masana kimiyya sun daɗe da gano cewa kashin kaji da na shanu na iya taimakawa wajen farfaɗo da ƙasar noman da ɗanyen mai ya gurɓata. Sai dai abin da ya faru a yankin Ogoni na jihar Ribas ya nuna cewa dabarar tana da iyakarta.

A cikin watan Agustan shekara ta 2011 ne Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta miƙa wa gwamnatin Najeriya rahoton wani bincike da ta shafe watanni 14 tana gudanarwa a yankin Ogoni, wanda ke cikin Neja Delta mai arzikin man fetur. Ƙwararrun hukumar sun ziyarci wurare fiye da 200, sun bi sawun bututan mai na tsawon kilomita 122, sun kuma auna samfurori sama da 4,000 na ƙasa da ruwa da iska. A ƙarshe suka ce maido da muhallin yankin yadda yake a da zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30, kuma ana bukatar dalar Amurka miliyan dubu ɗaya domin shekaru biyar na farkon aikin kawai.

Faɗin ƙasar Ogoni bai wuce kimanin murabba'in kilomita 1,000 ba, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Eleme da Gokana da Khana da Tai. Akasarin jama'arta manoman rogo da doya ne da kuma masunta. An soma harkar mai a yankin tun ƙarshen shekarun 1950, jim kaɗan bayan gano shi a Oloibiri a 1956. Kamfanin Shell ya dakatar da haƙo mai a can a 1993, sakamakon boren da ƙungiyar MOSOP ta yi a ƙarƙashin jagorancin marubuci Ken Saro-Wiwa, wanda gwamnatin soja ta Janar Sani Abacha ta rataye tare da wasu mutane takwas a watan Nuwamban 1995. To amma dakatar da haƙo man bai kawo ƙarshen malalarsa ba, domin manyan bututan da ke ɗauko mai daga wasu wurare zuwa tashar jiragen ruwa ta Bonny sun ratsa ta yankin, ga kuma tsofaffin rijiyoyi da kayayyakin aiki da aka bari babu kulawa.

Tambayar da ke gaban hukumomi da masana ita ce, ta yaya ake wanke ƙasa? Akwai hanyoyi masu tsada, kamar kwashe ƙasar a gasa ta da wuta mai tsananin zafi, ko a wanke ta da injina da sinadarai. Akwai kuma hanya mai rahusa da ta dogara da abin da kowane manomi ya sani, wato taki.

Abin da mai ke yi wa gona

Ɗanyen mai cakuɗe ne na dubban sinadarai, waɗanda akasarinsu sun ƙunshi abubuwa biyu, wato kabon da haidurojin. Wasu daga cikinsu ba su da nauyi, kamar waɗanda ake tace fetur da kananzir daga gare su, kuma sukan bi iska cikin 'yan kwanaki idan rana ta doke su. Wasu kuwa masu nauyi ne da danƙo, irin waɗanda ake yin kwalta da su, kuma suna iya yin shekaru da dama a cikin ƙasa ba su gushe ba.

Ƙasar noma mai lafiya cike take da ƙananan ƙofofi da iska da ruwa ke bi ta cikinsu. Idan mai ya malala a kanta sai ya toshe waɗannan ƙofofi, saiwoyin shuka su rasa iskar shaƙa. Yakan kuma lulluɓe ƙwayoyin ƙasar da maiƙo, ta yadda ko an yi ruwan sama sai ya gangare tamkar an zuba shi a kan leda, shuka ta mutu da ƙishi a tsakiyar damina. Irin da aka shuka ba ya tsirowa, tana da sauran ƙwarin da ke sassauta ƙasa su mutu, ɗan sinadarin abincin shuka da ya rage kuma ya ƙare. Shi ya sa alamar farko da manomi ke gani ita ce ganyen rogo ya koma ruwan ɗorawa kafin ya bushe.

A Neja Delta akwai ƙarin matsala. Ruwan saman da ake yi a yankin Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa da doron ƙasa. Duk malalar da ba a kwashe da wuri ba, ruwan sama zai tura ta ƙasa zuwa inda rijiyoyin jama'a ke samun ruwa, ko ya kwashe ta zuwa ƙoramun da masunta ke kamun kifi.

An daɗe ana taƙaddama kan musabbabin malalar. Kamfanonin mai na cewa yawancinta aikin masu fasa bututu ne da ɓarayin mai da masu tace shi ta haramtacciyar hanya a cikin daji. Al'ummomin yankin da ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama irin su Amnesty International kuwa suna ɗora laifin a kan tsufan bututai da rashin kula da su. Ko ma mene ne dalilin, ƙa'idojin Najeriya sun ɗora wa kamfanin da ke aiki a wurin alhakin tare malalar da kwashe ta.

Halittun da ke cin mai

Mai ba baƙon abu ba ne a doron ƙasa. Asalinsa ragowar ƙananan halittu ne da tsirrai na cikin teku da suka binnu tun miliyoyin shekaru, kuma akwai wurare da dama a duniya da yake tsatsafowa da kansa tun kafin ɗan Adam ya fara haƙo shi. Saboda haka akwai ƙananan halittu da ido ba ya iya gani, waɗanda mai abinci ne a gare su. Daga cikinsu akwai nau'o'in bakteriya irin su Pseudomonas da Bacillus da Rhodococcus, da kuma wasu nau'o'in funfuna. Cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai albarka na iya ƙunsar ɗaruruwan miliyoyin bakteriya. Masu cin mai kaɗan ne ƙwarai a cikinsu, amma da zarar mai ya zuba sai su hayayyafa su rinjayi sauran.

Waɗannan halittu suna farfasa sinadaran man ne da taimakon iskar oksijin, su mayar da su ruwa da iskar kabon dayoksaid, saura kuma su gina jikinsu da shi. Aikin yana cin iska sosai, domin narkar da kilo ɗaya na mai na bukatar kimanin kilo uku na oksijin. Wannan ne dalilin da ya sa man da ke saman ƙasa, inda iska ke kaiwa, yake ruɓewa, wanda ya nutse cikin laka ko ya yi zurfi kuwa yake zama kamar an adana shi.

Bayan iska, akwai batun daidaiton abinci. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na nauyin ɗanyen mai kabon ne, amma kusan babu naitirojin ko fosfaras da halittun za su iya amfani da shi a cikinsa, alhali ba za su iya hayayyafa ba sai da waɗannan biyun. Lamarin ya yi kama da a cika wa mutum rumbu da hatsi a hana shi ruwa da gishiri da kayan miya. Ƙa'idar da masana suka fi ambata ita ce, ga kowane kashi 100 na kabon ana bukatar kimanin kashi 10 na naitirojin da kashi 1 na fosfaras.

An gwada wannan ilimi a babban fage a shekara ta 1989, lokacin da jirgin ruwan dakon mai na Exxon Valdez ya yi hatsari a gaɓar tekun jihar Alaska ta Amurka, ya zubar da kimanin galan miliyan 11 na ɗanyen mai. Masu aikin tsabtace wurin, tare da hukumar kare muhalli ta Amurka, sun watsa takin zamani a bakin teku, kuma bincike ya nuna cewa man ya fi saurin ruɓewa a inda aka sa takin. Tun kafin nan, a 1980, kotun ƙolin Amurka ta amince wa wani masani ɗan asalin Indiya, Ananda Chakrabarty, haƙƙin mallakar wata bakteriya da ya sarrafa domin cin mai. Sai dai ba ita ce ta zama abin dogaro a filin aiki ba. Abin da aka fi gani shi ne, halittun da aka tarar a wurin sun fi baƙi da aka kawo daga ɗakin gwaje-gwaje jure wa yanayin ƙasar, kuma abin da suka fi bukata shi ne abinci da iska da danshi.

Me ya sa takin gargajiya

Takin zamani irin su NPK da yuriya yana ba da naitirojin nan take. Amma a ƙasa mai yawan ruwan sama yakan narke ya bi ruwa zuwa ƙoramu kafin halittun su gama amfana da shi, ga kuma tsada. Takin gargajiya kuwa yana yin ayyuka da dama a lokaci guda.

Da farko, yana sakin naitirojin da fosfaras a hankali, gwargwadon yadda yake ruɓewa, don haka abincin ba ya yankewa. Na biyu, shi kansa takin ɗauke yake da tarin bakteriya da funfuna, waɗanda wasunsu ke shiga sahun masu cin man. Na uku, yana sassauta ƙasar da mai ya dunƙule, ya buɗe wa iska hanya, ya kuma riƙe danshi. Sannan yana rage tsamin ƙasa. Yawancin ƙasar Neja Delta tana da tsami, alhali bakteriyar da ke cin mai ta fi son ƙasa mai matsakaicin yanayi, kuma kashin kaji, musamman na kajin ƙwai, yana da sinadarin alli da ke gyara wannan.

Ba kowane taki ne ke aiki iri ɗaya ba. Kashin kaji ya fi na shanu da na awaki yawan naitirojin da fosfaras, shi ya sa a gwaje-gwaje da yawa da aka yi a jami'o'in Najeriya yakan zo kan gaba. Amma idan ɗanye ne kuma aka zuba shi da yawa, yakan fitar da iskar amoniya mai kashe halittun da ake son ciyarwa, kamar dai yadda yake ƙone shuka a gona. Kashin shanu ya fi sanyi, ya kuma fi gyara jikin ƙasa, ko da yake aikinsa ya fi ɗaukar lokaci. Dusar katako da ɓuntun shinkafa da karan masara ba su da naitirojin na a-zo-a-gani. Amfaninsu shi ne buɗe ƙasa, kuma idan aka zuba su su kaɗai sai su cinye ɗan naitirojin ɗin da ke wurin, su ƙara dagula al'amari. Don haka ake haɗa su da kashin dabbobi.

Akwai kuma ragowar takin da aka noma naman kaza a kansa. Wasu nau'o'in funfunar da ke ruɓar da itace suna fitar da sinadaran narkar da ɓangaren itace mafi tauri, kuma an gano cewa waɗannan sinadarai na iya farfasa wasu sassan mai masu taurin kai da bakteriya ke shan wahala da su. Gawayin da aka niƙa ma ana amfani da shi, domin yana riƙe ruwa, ƙananan ƙofofinsa kuma suna zama mafaka ga halittun. Sai dai gawayi yakan tsotse man ya riƙe shi, ta yadda awo zai nuna ya ragu alhali yana nan a ɓoye.

Wani abin lura shi ne yawancin gwaje-gwajen da ke ba da sakamako mai ban sha'awa ana yin su ne a cikin tukwane ko robobi, da 'yan kilo kaɗan na ƙasa, cikin makonni ko 'yan watanni. Wani ɓangare na man da ake cewa ya ɓace iska ce ta kwashe shi, wani kuma tsarma shi aka yi da aka cuɗanya ƙasar da taki mai yawa. Abin da ya yi aiki a tukunya ba lalle ne ya yi aiki haka a fili mai faɗin kadada goma ba.

Yadda ake gudanar da aikin

Matakin farko shi ne kwashe duk man da ke kwance a fili, domin idan ya yi yawa ƙwarai guba ne ga su kansu halittun da ke cin sa. Daga nan sai a haƙa ramukan gwaji a gano iyakar faɗin gurɓacewar da zurfinta. Sai a kafce ƙasar, a cuɗanya ta da ruɓaɓɓen taki da ɓuntu ko dusar katako, a riƙa juya ta a kai a kai domin iska ta shiga. Ana kula da danshinta kamar yadda ake kula da lambu: idan ta bushe halittun su daina aiki, idan ta jiƙe sharkaf iska ta yanke. Garma ba ta wuce kimanin santimita 30, saboda haka idan man ya yi zurfi fiye da haka dole a haƙo ƙasar, a tara ta kunya-kunya a kan leda mai kauri, a yi mata magudanar da za ta tare ruwan da ke zurarowa daga jikinta, a kuma rufe ta daga ruwan sama.

Bayan man ya ragu akan shuka ciyayi masu yawan saiwa irin su jema, ko dangin wake, domin halittun ƙasa sun fi yawa a kewayen saiwoyi. Abin da aka noma a wannan mataki ba na ci ba ne, ko ga mutane ko ga dabbobi, sai awo ya tabbatar da lafiyar ƙasar.

Ta fuskoki biyu yanayi ya taimaki Najeriya. Halittun sun fi kuzari a zafin da ya kai maki 20 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, wanda shi ne yanayin kudancin ƙasar kusan duk shekara, saɓanin Alaska mai sanyi. Haka nan ɗanyen man Najeriya irin su Bonny Light marar nauyi ne, wanda ya fi mai kauri saurin ruɓewa. Duk da haka aikin na watanni ne, wani lokaci ma shekaru.

Darasin da aka koya a Ogoni

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a Neja Delta. Shekaru da yawa kamfanin Shell a Najeriya ya dogara da wani salo nata da ake kira RENA a taƙaice. Akan kafce saman ƙasar da mai ya zuba, a watsa taki, a tara ta kunyoyi, a riƙa ɗibar samfuri lokaci zuwa lokaci. Idan awo ya nuna man ya sauko ƙasa da miligiram 5,000 a kowane kilo na ƙasa, sai a baje kunyoyin a ce an kammala.

Rahoton UNEP ya ce wannan salo bai yi tasiri ba a Ogoni. An gina shi ne a kan zaton cewa man ba ya yin zurfi, wai saboda akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashi da ke tare shi. Da ƙwararrun suka haƙa sai suka tarar babu irin wannan shimfiɗa da ta game yankin baki ɗaya. A wurare 49 sun samu mai a zurfin aƙalla mita biyar. Daga cikin wurare 15 da takardun kamfanin suka nuna an gama tsabtace su, goma suna ɗauke da gurɓacewar da ta zarce ƙa'idar kamfanin da ta gwamnati. A Ejama-Ebubu, inda aka yi wata babbar malala fiye da shekaru 40 kafin binciken, man na nan daram duk da yunƙurin tsabtacewa da aka sha yi. Rahoton ya kuma lura cewa kunyoyin da aka bari a buɗe, ruwan sama na wanke man da ke cikinsu zuwa ƙasa da kuma gonakin maƙwabta.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne halin da aka samu rijiyoyin Nisisioken Ogale a ƙaramar hukumar Eleme. A can an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita takwas yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma jama'a na shan ruwan da ke ɗauke da benzin, wani sinadari mai haddasa cutar sankara, fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Babu adadin takin da za a watsa a saman gona da zai kai ga wannan ruwa.

A nan haɗarin dabarar yake. Taki na sa ciyawa ta tsiro, fili ya yi kore shar cikin 'yan watanni, wanda ya zo duba aiki ya ga kamar ƙasa ta warke. Idan ba a haƙa an auna abin da ke ƙarƙashi ba, an yi kitso da ƙwarƙwata ke nan. Ita ma ƙa'idar awon ta janyo muhawara, domin dokokin tsohuwar hukumar kula da albarkatun mai ta DPR sun ambaci adadi biyu: miligiram 5,000 a matsayin inda ya wajaba a ɗauki mataki, da miligiram 50 a matsayin inda ake son ƙasa ta koma. UNEP ta nuna cewa DPR da hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai, wadda aka kafa a 2006, sun saɓa wajen fassara waɗannan adadi, lamarin da ya ba da damar rufe aiki tun ƙasa ba ta tsabtatu ba.

Akwai kuma abubuwan da halittun ba sa iya narkarwa ko kaɗan. Ƙarafa masu guba irin su nikel da banadiyam da ke cikin ɗanyen mai, ko dalmar da akan samu a baƙin man inji, ba sa ruɓewa. Iyakar abin da taki zai yi shi ne ya riƙe su ya rage yawan da shuka ke tsotsa. Man da ya daskare ya zama kwalta, ko wanda aka cinna wa wuta ya bar ɓawo mai tauri, sai dai a kwashe shi. Dazuzzukan fadamar bakin teku da ake kira mangurof, inda kifaye ke hayayyafa, su ma ba a shiga da garma a cikinsu, domin lakar wurin ba ta da iska, tattake ta kuma yana ƙara tura man ciki. A garin Bodo, inda malala biyu na 2008 da 2009 suka halaka irin wannan daji, har kamfanin Shell ya amince a 2015 ya biya diyyar fam miliyan 55 bayan ƙarar da aka shigar a Landan, an yi amfani ne da ruwa wajen ɗauraye lakar, sannan aka dasa sababbin itatuwa.

Bayan rahoton

Gwamnatin Najeriya ta kafa hukumar HYPREP a 2012 domin aiwatar da shawarwarin rahoton, amma sai a watan Yunin 2016 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da aikin a Bodo, kuma sai a farkon 2019 aka fara miƙa wurare ga 'yan kwangila. A wannan karon an haƙo gurɓatacciyar ƙasar an zuba ta a wasu manyan ramuka da aka shimfiɗa wa leda, inda ake ciyar da halittun ana juya ƙasar, kafin a mayar da ita mazauninta. Hakan ci gaba ne a kan tsohon salo. Duk da haka a 2020 Amnesty International da wasu ƙungiyoyi sun ce kashi 11 cikin ɗari kawai na wuraren da aka tsara aka fara aiki a kansu, sun kuma yi zargin cewa an ba kamfanonin da ba su da ƙwarewa kwangila.

Ogoni kuwa yanki ɗaya ne kawai. A 2023 wani kwamitin bincike da gwamnatin jihar Bayelsa ta kafa, ƙarƙashin tsohon babban limamin cocin York na Ingila, John Sentamu, ya ƙiyasta cewa gyara ɓarnar mai a jihar zai ci dala miliyan dubu 12. A watan Maris na 2025 kamfanin Shell ya kammala sayar da reshensa mai haƙo mai a kan tudu ga gamayyar kamfanoni ta Renaissance, abin da ya sa masu fafutuka ke tambayar wanda zai ɗauki nauyin tsohuwar ɓarna. A cikin shekarar ce kuma gwamnatin shugaba Bola Tinubu ta buɗe tattaunawa da shugabannin Ogoni kan yiwuwar komawa haƙo mai a yankin.

Abin da ya shafi arewa

Batun ya daina zama na kudancin Najeriya kaɗai. A watan Nuwamban 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe. Jamhuriyar Nijar ta fara haƙo mai a Agadem tun 2011, tana tace shi a matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, kuma a 2024 aka soma tura ɗanyen man ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun jamhuriyar Benin. A Chadi gwamnati ta taɓa dakatar da ayyukan kamfanin mai na ƙasar Sin, CNPC, a 2013 bisa zargin zubar da ɗanyen mai a ramuka. Baya ga haka, a kowane babban gari akwai garejin makanikai da ake tuttular da baƙin mai a ƙasa shekara da shekaru, sau da yawa kusa da rijiyoyi da lambuna.

Ta fuskar taki arewa ba ta da talauci. Manoman kewayen Kano sun shafe ƙarnoni suna jigilar taki a mangala daga cikin birni zuwa gonakinsu, kuma ga garkunan shanu da gidajen kaji da injinan casar shinkafa masu tara ɓuntu. Abin da zai yi ƙaranci shi ne ruwa, domin a ƙasa mai yashi da dogon rani halittun ba sa aiki sai an yi ban-ruwa, yashin kuma yana barin mai ya zurara ƙasa da sauri. Ƙasar Kuwaiti, inda sojojin Iraƙi suka cinna wa rijiyoyin mai fiye da 600 wuta a 1991, ta shafe shekaru da dama tana fama da tafkunan man da suka daskare a hamada, kuma ko da ta koma ga amfani da ƙananan halittun, sai da ta ware ƙasar da ta fi gurɓata domin killace ta a wurare na musamman.

Masana harkar muhalli dai sun yi ittifaƙi cewa takin gargajiya magani ne na gaske, mai arha, wanda ke maido wa ƙasa albarkarta, muddin malalar sabuwa ce, ba ta yi zurfi ba, kuma an bi aikin da awo daga farko har ƙarshe. Idan man ya kai ga ruwan sha kuwa, gyaran yakan ci maƙudan kuɗi da shekaru masu yawa, kamar yadda al'ummar Ogoni suka gani tun daga 2011.